Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ma'aikatar Ilimi ta Jihar Sinnar: ku zo ku ga yinin yaro ɗaya a makaranta

Zuwa ga mai girma Ministan Tarbiyya da Ilimi na Jihar Sinnar, da daraktocin ilimi na mahaliyyoyi, wato ƙananan hukumomi, da majalisun iyaye na makarantunmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, Allah ya ƙara muku lafiya, ya taya ku riƙon wannan amana.

Mu malamai ne da iyaye daga garuruwa da unguwannin Hausawa na gaɓar kogin Nilul Azraƙ a Sudan, tun daga Maiwurno, garin da jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, har zuwa ƙauyukan da ke kewayen Sinja da Suki. Mun rubuta da Hausa ne don iyaye mata da dattawanmu su ji abin da ake roƙa da sunan 'ya'yansu, su kuma ji nasu kason na aikin.

Kun fi mu sanin abin da ya faru. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 karatu ya tsaya, har a wannan shekarar hukumar UNICEF ta ce yara kusan miliyan 19 ne ba sa zuwa makaranta a faɗin Sudan. Azuzuwa suka zama masaukin waɗanda suka gudo daga Khartum, daga baya na Madani suka biyo, sannan yaƙin ya shigo Sinja kanta a ƙarshen Yunin 2024, bai fita ba sai Nuwamba. Wasu daga cikin yaranmu ma tun rikicin ƙabilanci na Damazin da Rusairis na 2022 rabonsu da zama a aji cikakkiyar shekara. Mun gode da ƙoƙarin da aka yi na sake buɗe makarantu, ba mu raina shi ba. Abin da muke roƙo shi ne kada a tsaya ga ƙidayar makarantun da aka buɗe. A ɗauki yaro ɗaya, a bi shi tun daga layin safe har a kaɗa ƙararrawar tashi, a ga inda yininsa ke zubewa. Mun yi muku wannan bin, ga abin da ake gani.

Kafin a yi maganar layin safe, filin da yara za su tsaya a kai yana bukatar a duba shi. Duk makarantar da masu bindiga suka zauna a ciki, ko aka yi faɗa kusa da ita, kada a sa yara sharar fili ko ƙona ciyawa sai ma'aikatan Cibiyar Kawar da Nakiyoyi ta ƙasa sun zo sun bincika. Yara maza suna tsintar ƙarafa su kai wa masu saye a kilo, kuma harsashin da bai fashe ba ƙarfe ne a idonsu. Minti biyu a layin safe, sau ɗaya kowane mako, sun isa a maimaita musu: kada ka taɓa, kada ka jefe shi da dutse, ka koma ta hanyar da ka zo, ka gaya wa babba.

Sai aji ɗaya, inda muke so mu daɗe, domin nan ne ake asarar yaran Hausawa tun ba a san an yi asararsu ba. Yaron da ya tashi a gidan da ake Hausa yana shigowa da harsuna biyu a kansa, ya tarar da na uku. Yana da Hausar gida, yana da ɗan Larabcin kasuwa da na wasa da maƙwabta, gwargwadon unguwar da ya fito, sai littafi ya zo masa da Fusha, wato Larabcin littafi. Malamin da aka turo daga wani gari yakan yi magana mako huɗu ko biyar yara suna amsa masa da murya ɗaya, ya ɗauka ana tafiya. Amshi ne kawai. A tsayar da yarinya ɗaya daga layin baya a ce ta nuna kalmar da aka faɗa a allo, sai ta sunkuyar da kai. Daga nan ake fara cewa yaran nan ba su da ƙoƙari, alhali ba a taɓa yi musu magana da abin da suke ji ba.

Kurakuran da suke yi sanannu ne, kuma kowanne da dalilinsa. A halwowi, wato makarantun allo, da har yanzu ake rubuta allo da irin rubutun da kakanninmu suka zo da shi daga yamma, fa guje ɗigonsa ɗaya ne a ƙasa, ƙaf kuma ɗigonsa ɗaya ne a sama. A littafin gwamnati, harafi mai ɗigo ɗaya a sama shi ne fa, ƙaf ɗigo biyu gare shi. Don haka yaron da ya fi kowa iya babbaƙu da farfaru a wurin malaminsa na allo, shi ne zai dubi fa na littafi ya karanta ƙaf da cikakken ƙarfin gwiwa, a yi masa dariya ko a tsawata masa. Malamin da ya san wannan zai rubuta salon biyu gefe da gefe a allo, ya ce wannan na halwa ne, wancan na madarasa, duka daidai ne a wurinsu. Darasi ɗaya ya kashe matsalar. A imla'i kuma, wato shifta, kunnen Bahaushe bai saba raba sin da sadi da sa mai ɗigo uku ba, haka ha ƙarami da ha babba, haka aini da hamza. Yawan kwafe kalma sau ashirin ba ya gyara wannan, domin matsalar a kunne take. Abin da ke gyarawa shi ne a jera kalmomi bibbiyu masu bambancin harafi ɗaya, malami ya faɗa, yara su ɗaga hannun dama ko hagu, minti biyar kullum.

Lissafi ma da nasa tarkon. Da Hausa muna cewa ashirin da biyar, goma-goma ne a gaba. Da Larabci biyar ake fara faɗa, sannan ashirin. Yaron da yake rubuta abin da kunnensa ya fara ji sai ya rubuta 52 a maimakon 25, a ja masa jan biro, alhali ƙidayar tana daidai a kansa. A ba shi tsinkaye ɗaure goma-goma da guda-guda, ya ajiye dami biyu da tsinke biyar a gabansa, ya faɗa da Hausa, ya faɗa da Larabci, sannan ya rubuta. Mako biyu ana haka ya wuce wurin.

Kuma Hausa ba cikas kaɗai take kawowa ba, tana kawo jari. Yaro ya riga ya san alƙalami da allo da darasi da sa'a, ya san Lahadi da Litinin da Talata har Asabar, ya san ashirin da talatin har tis'in, ya san ana ce wa namiji ka, a ce wa mace ki, kamar yadda Larabci ke yi. Malamin da ya fara daga waɗannan ya fara daga tsakiyar hanya. Roƙonmu a nan a fili yake: a makarantun da yawancin yaran aji ɗaya da biyu Hausa suke ji a gida, a ba da waɗannan azuzuwa ga malami ko malama mai jin Hausa, a kuma ba shi izini a rubuce ya yi bayani da ita a watannin farko, yana rage ta a hankali. Ba mu ce a sauya harshen karatu ba. Larabci harshen Alƙur'ani ne, harshen jarrabawa ne, harshen neman abinci ne a ƙasar nan, muna so 'ya'yanmu su iya shi fiye da yadda muka iya. Hanyar da ta fi kai su can da sauri muke nunawa. Inda babu irin wannan malami, akwai 'yan matan unguwa da suka gama sanawi, wato sakandare, suna zaune a gida, a ɗauki ɗaya ta zama mataimakiya a aji. Haka kuma muke roƙa wa yaran Fulani da na Barno da duk wanda ya shigo da wani harshe.

Wani abin da rufe makarantu ya haifar shi ne cakuɗuwar shekaru. Wanda ya cika shekara shida a 2023 da wanda ya cika a 2024 da na bayansu duk sun taru a ƙofar aji ɗaya. Wanda ya bar aji uku yana ɗan shekara tara ya dawo ya yi tsawo, ya yi aikin gona, ya tura baro a kasuwa, karatun kuma ya gudu. In aka sa shi aji biyar saboda shekarunsa, ba ya gane komai. In aka mayar da shi cikin ƙanana, kunya za ta kore shi kafin wata ya ƙare. Mafita ita ce a gwada kowane yaro shi kaɗai, minti biyar, da takarda ɗaya: haruffa goma, kalmomi goma, jimloli huɗu, ɗan labari gajere, sannan lambobi, da ɗebewa mai aro, da rabawa. Inda ya tsaya, nan ne matakinsa. Malamai uku za su gama da yara 180 a cikin kwana biyu ba tare da an rufe makaranta ba. Daga nan a ware darussa biyu na farkon safiya, a raba yaran aji uku zuwa shida bisa matakin karatunsu, ba bisa ajinsu ba, sauran yinin kowa ya koma ajinsa. A sake gwaji bayan mako shida, wanda ya haye ya matsa gaba. Abin da ke ɓata wannan tsari guda biyu ne: a kira rukunin ƙasa da sunan da zai zama abin gori, ko mai duba makarantu ya zo ya tuhumi malami don bai kai shafin da jadawalin manhaja ya ce ba. Na farko aikinmu ne mu hana. Na biyu sai da takarda daga ofishinku.

Wajen ƙarfe goma ake fita fatur, wato hutun karin kumallo, kuma a nan ake gane wanda gidansu ke da hali. Mai kuɗi a aljihu ya nufi masu sayar da ful da ɗa'amiyya da burodi a bakin ƙofa. Marar shi ya jingina da bango a inuwa yana wasa da ƙasa da yatsan ƙafa, ko ya ce zai je gida ya ci ya dawo, ba ya dawowa. Darussan bayan fatur su ne aka fi samun kujeru babu kowa, duk wanda ya riƙe rajista ya san haka. Tukunya ɗaya ta makaranta tana maganin wannan, kuma lissafinta ba ɓoyayye ba ne. In aka ba kowane yaro giram 100 na hatsi, giram 30 na wake ko adas, da giram 10 na mai, makaranta mai yara 600 tana bukatar kilo 60 na hatsi, kilo 18 na wake da kilo 6 na mai a yini. A wata mai ranakun karatu 22, hatsin ya kama kilo 1,320, wato kusan buhu 15 masu kilo 90. A jihar da ake noman dawa da riɗi kamar tamu wannan ba abin da zai gagara ba ne, in an tara shi da kaka lokacin da buhu ke da araha. Muna roƙon ma'aikata ta zauna da Diwanin Zakka a ware wa makarantu kaso daga zakkar amfanin gona, majalisar iyaye kuma ta ɗauki itace da masu girki. Matan da suka riƙe takaya, wato wuraren girkin sadaka, suna ciyar da unguwanni a tsakiyar yaƙi sun san awo, sun san yadda ake raba tukunya ta isa. Abin da ke kashe irin wannan shiri shi ne sito: buhu a ƙasa ba katako, ƙwari su shiga, ko mabuɗi ya zama a hannun mutum ɗaya. A sa kwaɗo biyu, ɗaya a hannun shugaban makaranta, ɗaya a hannun wata uwa daga majalisa, a rubuta abin da ya fita kullum a allo inda kowa zai gani.

Ruwa kuwa, ranku ya daɗe, shi ne abin da ya fi tayar mana da hankali, tun da aka ayyana ɓarkewar kwalara a ƙasar nan a watan Agustan 2024. Mafi ƙarancin abin da ma'aikatan agaji ke lissafawa shi ne lita 3 ga kowane ɗalibi a yini, na sha da wanke hannu. Yara 600 ke nan lita 1,800, ganga tara masu lita 200, sawu biyar na mai karo, wato amalanken ruwa, in tankinsa na ganga biyu ne. Makarantu da yawa sawu ɗaya ko biyu suke iya biya, shi ya sa randunan da ke ƙarƙashin rumfa suke ƙafewa kafin azahar, yara su bazu cikin gidajen maƙwabta ko su gangara bakin kogi. Kuɗin waɗannan sawu biyar ya kamata ya zama layi tsayayye a kasafin mahaliyya, kamar alli.

Samun ruwan rabin aiki ne. Da damina ruwan kogi ja ne, laka ce zalla, kuma kilorin ba ya aiki yadda ya kamata a ruwa mai laka. Sai an fara kwantar da shi, da alif ko da dakakken ƙwayar zogale kamar yadda matan gaɓar kogin nan suka daɗe suna yi, a tsiyaye na sama zuwa wata ganga mai tsabta, sannan a sa maganin bisa awon da ke jikin kwalinsa, a jira rabin sa'a kafin kowa ya sha. Wanda ya zuba maganin a cikin jan ruwa ya yi asarar magani, ya kuma ba mutane amincin da babu shi. Daga nan sai randar kanta. Zir, wato randar ƙasa, yana sanyaya ruwa, ba mu ce a fasa shi ba, amma kofi ɗaya da yara ɗari ke tsomawa har wuyan hannu yana mayar da ruwa mai magani ya zama marar magani kafin fatur. Kowace randa ta samu murfi da moɗa mai dogon hannu da ake ratayewa a ƙusa, a riƙa zuba wa yaro a kofinsa ko a gorarsa, a kuma juye randar a goge cikinta kowace Alhamis. Jarka mai huda da aka rataye a itace, da sabulu a igiya, ɗaya a bakin bayan gida, ɗaya kusa da masu abinci, ta wadatar da wanke hannu. Kowane ofishin shugaban makaranta ya ajiye gishirin zawo, in babu kuma a san haɗinsa: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. A fara ba yaro tun a makaranta, ana hanyar kai shi asibiti.

Bayan gida shi ne abin da ba a son faɗa a taro, shi ya sa muke faɗarsa a rubuce. Ramukan da aka haƙa don ɗalibai na rabin yini, iyalai sun yi amfani da su dare da rana fiye da shekara. Da yawa sun cika, wasu sun rufta. Ramin da ya rage saura rabin mita ya cika, a rufe shi da ƙasa, kada a jira. Awon da ake bi shi ne rami ɗaya ga 'yan mata 30, ɗaya ga maza 60 in akwai wurin fitsari daban, wato makaranta mai mata 300 da maza 300 tana son goma da biyar, goma na mata, biyar na maza. Ƙasarmu baƙar laka ce, da damina ta kumbura, da rani ta tsage har hannu ya shiga, don haka ramin da ba a ɗaure bakinsa ba damina ɗaya ke kai shi ƙasa, wani lokaci da yaro a kai. A haƙa shi zagaye, ya fi mai kusurwa huɗu ƙarfi, a ɗaure shi da jan bulo, a ɗaga daɓen sama da inda ruwan sama ke kwanciya, a nisanta shi da rijiya aƙalla mita 30. Bututun iska ya wuce rufi da rabin mita, a ɗaure bakinsa da raga saboda ƙuda. Ɓangaren mata ya kasance da katangarsa, ƙofarsa ba ta kallon filin maza, da sakata daga ciki, da buta da ruwa. Yarinyar da ta fara al'ada, in babu waɗannan, kwana huɗu ko biyar take zama a gida kowane wata, ba za ta gaya wa kowa dalili ba, sai dai a ga ta rage zuwa, daga baya a ji an sa ranar aurenta.

Tunda mun taɓo lafiya: yaran da ke wanka a magudanan gona da bakin kogi suna fitsarin jini, tsargiya ke nan, wasu iyaye ma sun ɗauka alamar balaga ce. Idan za a zo rabon maganinta a makaranta, a sanar kwana biyu kafin ranar, a kuma ba da shi bayan fatur. Yaron da ya haɗiye shi da yunwa yakan yi jiri da amai, gobe labari ya zaga gari, zagaye na gaba iyaye su ɓoye 'ya'yansu.

Wurin zama ba sai mun tsawaita ba. Aji mai mita takwas da shida an gina shi don yara 40 zuwa 50, yau ana cusa 90. Katakon bencina ya tafi a murhu, amma ƙarafan suna nan jibge a bayan azuzuwa, kuma mai walda da kafinta na gari za su tayar da su da kuɗin da bai kai na sabo ba. A ba su aikin. Inda dole a yi zango biyu, na safe da na yamma, a riƙa musanya su kowane wata, don kada yara ɗaya su dawwama a zafin rana da gajiyayyen malami. Allo kuma a sake masa baƙin fenti kowace shekara. Inda littafi ɗaya yara biyar ke rabawa, allon nan shi ne littafin, in ya koɗe na baya ba sa ganin komai. Littattafan da cibiyar manhaja ta Bakhtur Rida ta tsara, in sun iso jiha, a fara da na karatu da lissafi na aji ɗaya zuwa uku kafin komai.

Akwai kuma yaran da ba su ma shigo ƙofar ba saboda takarda. Mutum ya gudo da rigar jikinsa, takardar haihuwa da shaidar canjin makaranta sun ƙone ko sun tsaya a gidan da ba ya iya komawa. Wasu iyalan namu kuma, duk da kakanninsu a nan aka haife su, samun lambar ɗan ƙasa yana ɗaukar su dogon lokaci. Dokar yara ta 2010 ta ba kowane yaro haƙƙin karatun farko kyauta. A rubuta yaro a rajista ranar da ya zo, da shaidar mai unguwa ko limami, gwajin minti biyar ɗin nan ya nuna ajinsa, takarda ta biyo baya. A kuma turo ma'aikatan rajista su zauna a makarantu kwana biyu tun farkon shekara, kada a bari sai jarrabawar aji shida ta matso a ce wa yaro ba shi da lambar zama.

Kuɗin gudummawa da majalisun iyaye ke sawa, mun san dalilinsa: albashin malamai ya yi watanni bai zo ba, ya zo kuma tsada ta cinye shi, malaman sa-kai da yawa da wannan gudummawa suke hawa mota. Amma a nan maganarmu da ku ce, iyaye 'yan uwanmu da shugabannin makarantu. Kada a kira sunan yaro a layi a ce ya koma gida ya kawo kuɗi. Ba shi ya ci bashin ba. A aika wa uban, a yafe wa marayu da 'yan gudun hijira a asirce, a karɓi mudun dawa ko yinin aiki daga wanda ba shi da tsaba. Haka rigar makaranta, kada ta hana kowa shiga aji bana. Bulala kuma a ajiye ta. Yaron da ya kwana a ƙarƙashin gado yana jin ƙarar jirgi, in ƙofa ta buga da ƙarfi sai ka ga ya zabura ya toshe kunne, irin wannan duka ba ya ƙara masa komai sai gudun makaranta.

Kalandar karatu ma tana son a dube ta da idon manomi. A Agusta da Satumba hanyoyin laka suna yankewa, malamin da ke zuwa daga wani gari sai ya yi kwanaki bai iso ba. Riɗi kuma in ya nuna ba ya jiran kowa, kwanaki kaɗan aka makara sai ya fashe ya zube a ƙasa, don haka gida kan kwashe har yara a tafi yanka. Maimakon a yi ta rubuta su ba su zo ba, a ba kowace mahaliyya ikon ɗaga hutun mako biyu ta sa shi daidai lokacin yankan riɗi na yankinta, a rama kwanakin da sanyi. Malaman halwa kuma a zauna da su a raba lokaci, allo da asuba da bayan la'asar, madarasa da hantsi, don kada uba ya ga dole sai ya zaɓi ɗaya.

Tun da aka dawo da matakin mutawassiɗa, wato makarantar tsakiya, a 2020, karatu ya koma shekara shida, uku, uku, ba kowane ƙauye ke da wannan mataki ba. Yarinya ta gama aji shida da sakamako mai kyau, sai a ce makarantar gaba tana tafiyar sa'a guda a ƙasa ko sai an haye kogi, uban ya ce a'a, kuma ba za mu ce bai da hujja ba. Aji ɗaya na 'yan mata a harabar makarantar ƙauyen, da malamai mata biyu, ya fi alƙawarin sabon gini da ba a san ranarsa ba.

Muna gayyatar ku, ko wakilin da kuka amince da shi, ku zo ba tare da sanarwa ba, ranar Talata ko Laraba, ku iso kafin layin safe ku zauna har a tashi. Ku leƙa randa da ƙarfe sha biyu, ku zaga bayan gida na mata tare da wata malama, ku ƙirga yaran aji huɗu kafin fatur da bayansa, ku ba yaro uku daga layin baya littafinsu su karanta muku. Majalisun iyaye a shirye suke su kawo bulo da yashi da hannun aiki, su kuma ba da sunayen 'yan matan da za su iya taimakawa a aji ɗaya. Abin da muke jira daga gare ku kafin zangon karatu mai zuwa shi ne takardu uku: ta izinin bayani da harshen gida a ƙananan azuzuwa, ta raba yara bisa matakin karatu na mako shida, da ta rubuta yaro a rajista ko babu takardar haihuwa.

Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya shirya mana zuri'a. Wassalamu alaikum.

Daga wasu malamai da iyayen yara na garuruwan Hausawa, Jihar Sinnar.